Yadda likitan dabbobi ya zama baƙo a ruga

Ana ta muhawara a Katsina kan dalilin da ya sa makiyaya ba sa neman likitan dabbobi sai saniya ta kwanta. Wasu sun ce jahilci ne, wasu sun ce tsaron daji ya hana ma'aikata shiga ruga. Matsalar tsaro gaskiya ce, amma ta tarar da ɓarakar da ke tsakanin makiyayi da likita a buɗe.

Cutar shanu da ake kira bushiya ta kusa ƙarar da shanun ƙasar nan wajejen 1890, har aka sa wa annobar suna "sannu". An kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. Da farko makiyayi yana ɗari-ɗari da mai allura, don yana zaton ƙidayar jangali ta kawo shi. Gangamin riga-kafin bushiya da aka fara a 1962 ya rage wannan tsoro, tunda kowa ya ga garken da aka yi wa allura ya tsira.

Inda ba a cika waiwayawa ba shi ne bayan 1986. Darajar naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, hidimar kyauta ta ja baya. Sai maganin dabbobi ya koma kan tebur a kasuwannin kara, irin su Mai'aduwa da Charanci. Makiyayi ya sayar da ɗan maraƙi, ya sayi kwalba da sirinji, ya zama likitan kansa. Ban ga laifinsa ba, dabbarsa ce dukiyarsa. Amma mai tebur bai ga saniyar ba. Ciwon huhu ne, sammore ne (cutar da ƙudan tsando ke kawowa), ciwon hanta ne, duk kwalba ɗaya ake miƙawa, wani lokaci ma ta sha rana ta lalace, ko a raba allurar saniya guda wa shanu uku.

Babbar asarar ita ce haɗuwar da ta yanke. A da malamin dabbobi yakan sauka wurin arɗo, ya sha nono, ya san garken kowa da masheƙarinsa. Da wannan ya ragu, sai ya zama ana kiransa bayan an gwada komai. Ya zo a makare, saniya ta mutu a hannunsa, gobe a ce allurarsa ce ta kashe ta. Yaran da suka taso suna jin wannan labari su ne masu garke a yau, kuma su ake roƙo su fito da shanu ranar riga-kafi.