Kiɗan Bes na Sol a Jitar Lantarki

Kiɗan bes na sol salo ne na kaɗa jitar bes mai lantarki, wanda ya bunƙasa a Amurka daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1970. Kalmar sol daga Turanci take, ma'anarta rai ko ruhi, kuma kiɗan da ake kira da ita ya tsiro ne daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatan Amurka da kiɗan buluz. Bes ita ce murya mafi kauri a tawagar makaɗa. A sol kaya biyu take ɗauka: tana riƙe bugu tare da ganga, tana kuma rera 'yar waƙarta a ƙarƙashin muryar mawaƙi. Wanda ya saurari faifan wancan zamani da kyau zai ji cewa daɗin bai dogara da saurin yatsa ba. Yana cikin tsawon da aka bar wa kowane sauti, da daidai inda aka katse shi.

Asali da makarantu

Kafin 1951 makaɗa da babbar bes ta katako suke aiki, wadda ake kaɗawa a tsaye. A shekarar ne Leo Fender ya fitar da Precision Bass, jita mai tsirkiya huɗu da ake ratayawa a kafaɗa a jona ta da amfilifaya. A 1957 aka sauya mata maganaɗisun ɗaukar sauti zuwa mai gida biyu, kuma wannan ƙirar ce ta zama muryar sol.

A Detroit, kamfanin faya-fayan waƙa na Motown da Berry Gordy ya kafa a 1959 yana da tawagar makaɗan cikin gida da ake kira Funk Brothers. Mai bes ɗinsu James Jamerson (1936–1983) da babbar bes ya fara, da kiɗan jaz, ya kuma kwaso halayen can ya zuba a jitar lantarki: yawan amfani da tsirkiya a sake, da ratsawa ta ƙananan sautuka kafin a sauka inda ake so. Shekara da shekaru ba a sa sunayen makaɗan a bayan faifai ba, sai a kundin What's Going On na Marvin Gaye a 1971 aka fara ganin sunansa. A Memphis kuwa, a kamfanin Stax da ke cikin wata tsohuwar silima a titin McLemore, Donald “Duck” Dunn (1941–2012) ya kaɗa tare da mai ganga Al Jackson Jr. a tawagar Booker T. & the M.G.'s, tawagar da ta haɗa baƙi da farare a kudancin Amurka lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi. Salon Dunn gajere ne, mai maimaituwa, mai nauyi. Akwai kuma David Hood a Muscle Shoals ta jihar Alabama, da Tommy Cogbill, da Jerry Jemmott da Chuck Rainey a faya-fayan Atlantic, da Leroy Hodges da ya raka Al Green a Hi Records. A Los Angeles Carol Kaye da ɗan makaɗi na roba take kaɗawa, ba da yatsa ba.

Jita da saitinta

Tsayin tsirkiyar Precision daga ƙoƙon wuya zuwa jaki, wato abin da tsirkiyoyin ke hawa a jikin jita, inci 34 ne, kimanin santimita 86. Ana ɗaura tsirkiyoyin a kan sautukan da ake kira E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya, kuma kowace da sunan sautinta ake kiranta. Abin da ya fi tasiri a muryar shi ne irin tsirkiyar. Ta sol mai sulɓi ce, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiyar waya, ba mai kaushi da ake sawa a sababbin jitoci ba. Mai sulɓi ba ta ƙara idan yatsa ya zame, ƙarfinta a farkon sauti yake, sai ta lafa da wuri. Jamerson ya yi amfani da masu kauri na kamfanin La Bella, lambar kauri 52 zuwa 110, kuma ba ya sauya su sai sun tsinke. Mai koyo ya fara da 45 zuwa 105. Masu kauri suna jan wuyan jita sosai, suna kuma gajiyar da hannun da bai saba ba.

Duk lokacin da aka sauya tsirkiya a duba lanƙwasar wuya. A danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan, a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kimanin milimita 0.3 ake so, kusan kaurin katin gaisuwa. In ta wuce haka a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, rubu'in juyi kawai a lokaci guda, a bar katakon ya zauna kafin a ƙara. Nisan tsirkiya daga firet na 12 ya kama milimita 2.5 zuwa 3. Ya ɗan fi na masu kiɗan zamani tsayi, da gangan, domin a ja da ƙarfi ba tare da tsirkiya ta mari ƙarfe ba. A ƙasar Hausa hunturu yakan busar da katakon wuya har bakin firet ya riƙa kartar hannu, damina kuma ta kumbura shi, don haka saitin da aka yi a Janairu ba lallai ya kai Agusta ba.

Sai soso. Tsofaffin jitocin Fender suna zuwa da murfin ƙarfe a kan jaki, da soso manne a ciki yana taɓa tsirkiyoyi. Yau ana yanka soson katifa ko na wanke-wanke mai faɗin santimita 2 zuwa 3, a tura shi ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da jaki. Ya taɓa su kawai, kada ya tura su sama. In ya yi kauri sauti zai mutu tun bai fito ba, kuma sautukan saman wuya za su haura sama da inda ya kamata. In aka matsar da shi nesa da jaki, nan ma ya fi shaƙe murya.

Amfilifayar da aka fi alaƙantawa da salon ita ce Ampeg B-15 mai lasifika inci 15, ko da yake a Motown akan jona bes kai tsaye cikin na'urar ɗaukar sauti. A kowace amfilifaya, a rage siririyar murya, a ɗan ƙara wajen haz 100 zuwa 200 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), kada a cika na can ƙasa. Dalili shi ne an haɗa waɗancan faya-fayan ne don rediyon mota da ƙaramar rediyon hannu, waɗanda ba sa fitar da rugugi, don haka tsakiyar muryar bes ce ke isa kunne. Wanda ya sayo tsohuwar amfilifayar Amurka ya tuna ta bolt 120 ce; ba a jona ta da wutar Najeriya ko Nijar sai da taransifoma.

Hannun dama da hannun hagu

A kaɗa a kan maganaɗisun ko gaba kaɗan wajen wuya, inda tsirkiya ke da laushi. Kusa da jaki murya takan yi siriri. Da tsokar kan yatsa ake ja, a ja tsirkiyar zuwa cikin jikin jita har yatsan ya sauka ya huta a kan tsirkiyar da ke samanta. Wannan saukar ce ke ba da kauri, ita ce kuma ke kashe tsirkiyar da ba a so ta yi amo. Jamerson da manuniya kaɗai yake kaɗawa, har aka yi wa yatsan laƙabi da ƙugiya. Yatsa ɗaya yana sa sautuka su fito da nauyi iri ɗaya, kuma yana da kyau mai koyo ya gwada haka a kiɗa mai tafiyar hawainiya. Amma manuniya da na tsakiya bi da bi ba laifi ba ne. Yawancin makaɗa haka suke yi. Idan za a sauko daga siririyar tsirkiya zuwa mai kauri, yatsa ɗaya ake ja ya share su a jere, kamar mai jan tsintsiya.

A hannun hagu, daga firet na farko zuwa na biyar tazara tana da faɗi, sai a rufe firet uku da yatsu huɗu: manuniya, na tsakiya, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna taimakon juna. Babban yatsa ya tsaya a bayan wuya. Hannun hagu ne ke yanke tsawon sauti: a sassauta dannawa ba tare da an ɗaga yatsa daga tsirkiya ba, nan take sauti ya tsaya. Idan aka kaɗa tsirkiyar a wannan hali, an taɓa ba a danna ba, sai a sami ɗan “tuk” marar murya da ake cusawa tsakanin sautuka don ƙara wa bugu armashi.

Yadda ake gina layin bes

Kowane haɗin sauti, wato sautukan da ake kaɗawa tare, yana da tushe, kuma a bugun farko na gaɓa, wato rukunin bugun da ake maimaita ƙirgawa, kusan kullum tushen ake kaɗawa. A haɗin C, tushen yana firet na 3 a tsirkiyar A. Sauti na biyar idan aka ƙirga daga tushe, G, yana firet na 5 a tsirkiyar D, ko a ƙasa a firet na 3 na tsirkiyar E. Na takwas, wato C ta sama, yana firet na 5 a tsirkiyar G. Na uku, E, firet na 2 a D. Na shida, A, firet na 2 a G. Idan aka haɗa da D an sami tsani mai hawa biyar, C, D, E, G, A, wanda kunnen da ya tashi da goge da garaya ba zai ji shi baƙo ba. Makaɗan Memphis sukan ƙara na bakwai da aka sauke, B mai taushi a firet na 3 na G, su gina ɗan zance na gaɓa ɗaya ko biyu su yi ta maimaita shi har waƙa ta ƙare. Riƙe irin wannan zancen minti uku ba tare da ya karkace ba aiki ne babba, ya fi yadda ake zato.

Salon Detroit ya fi yawo. Ga misalin gaɓa mai bugu huɗu da ke tashi daga C zuwa F, ana ƙirgawa “ɗaya-da, biyu-da, uku-da, huɗu-da”. A ɗaya a kaɗa C a riƙe ta bugu ɗaya da rabi. A “da” na biyu a sake kaɗa ta gajeruwa. A uku a kaɗa tsirkiyar D a sake, a “da” a danna firet na 1, a huɗu firet na 2, a “da” na ƙarshe firet na 3, wato F, a riƙe ta ta tsallaka cikin sabuwar gaɓa. Abu uku ne a ciki. Tsirkiyar da aka kaɗa a sake ta ba hannun hagu damar sauya wuri. Sautin firet na 1 ba ɗan gidan C ba ne, amma da yake a raunanan wuri ya faɗo kuma bai daɗe ba, kunne yana jin sa a matsayin tsani. Sannan an isa F da rabin bugu kafin lokacinta, abin da ke tura waƙa gaba. Komawa C kuma ta ƙasa ake bi: G a firet na 3 na E, A a sake, B a firet na 2, sai C.

Wurin yin ado shi ne inda mawaƙi ya ja numfashi, galibi ƙarshen gaɓa ta huɗu ko ta takwas. Idan murya na tafiya, bes ta koma tushe.

Zama da ganga

A sol ƙaramar ganga tana faɗowa a bugu na biyu da na huɗu, wani lokaci a Motown a duka huɗun. A Stax, tun daga zaman ɗaukar waƙoƙin Wilson Pickett na 1965, makaɗan suka riƙa ɗan jinkirta na biyu da na huɗu, jinkirin da bai kai a rubuta shi a takarda ba amma jiki yana jin sa. Mai bes yakan katse sautinsa dab da faɗowar ƙaramar gangar, ya bar mata fili. Don horar da wannan, a sa na'urar ƙirga bugu a 50, a ɗauki kowane ƙyas a matsayin biyu da huɗu. Kiɗan na tafiya a 100 ke nan, kuma mai koyo ne zai samar da ɗaya da uku da kansa. Waƙoƙin sanyi da yawa kuma a bugu mai rabon uku suke, 6/8 ko 12/8, inda sauti biyu a gaɓa kan wadatar.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko gaggawa, musamman lokacin ado: hankali ya koma kan yatsu, kunne ya saki ganga. Maganinsa mutum ya ɗauki kansa a waya ya saurara. Na biyu barin sautuka su hau juna har ƙasan kiɗa ya dagule; tsirkiyoyin E da A sukan yi amo da kansu idan ana kaɗa D da G, sai babban yatsan dama ya riƙa sauka a kansu. Ja da ƙarfin da ya wuce kima yana sa farkon sauti ya haura, ya kuma shaƙe. Gara a ƙara amfilifaya a sassauta hannu. A jitoci masu ƙirar Fender akan sami wurin da sauti ke mutuwa da wuri a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, saboda katakon wuya yana shanye girgizar. Sautin da za a riƙe da tsawo sai a ɗauko shi a tsirkiyar D, firet na 10 zuwa 12. Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, tana iya ba da murya kusa da ta Precision idan aka rage maganaɗisun jaki, sai dai hakan yana kawo gurnanin lantarki, musamman a wutar janareto.

Da kunne aka fi koyon layukan, domin rubutun lambobin firet da ke yawo a intanet ba ya nuna tsawon sauti. Lasifikar waya ba ta fitar da bes, sai da abin sawa a kunne mai kyau. A rage saurin waƙar zuwa kashi 70 cikin 100, a ɗauki gaɓa biyu kawai, a rera su da baki har su zauna, sannan a nemo su a wuyan jita, a fara dubawa daga firet biyar na farko da tsirkiyoyi a sake, inda mafi yawan layukan Detroit suke.