Wai meye sitanbai a harkar jirgin sama?

Shekaran jiya muna zaune a bakin shagon caji nan ƙauyenmu na bayan Ringim, wani ƙanina ya ce min Yaya wai meye sitanbai ɗin nan. Ashe ranar da jikin Innarsu ya rikice aka kwantar da ita a asibiti, wansu da ke sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas ya bugo waya ya ce yana filin jirgi an sa shi a sitanbai, su kuma nan gida sai suka ɗauka ai ya taso kenan, har aka tura mai mashin bakin titi ya jira shi. Bai iso ba sai washegari da la'asar. Alhamdulillahi dai ya tarar da ita da rai, yanzu ma ta samu sauƙi.

Toh sitanbai a taƙaice jiran kujerar wani ne. Jirgi ya cika a takarda, amma sau da yawa sai an samu wanda ya sayi tikiti bai zo ba, ko cunkoson Legas ya riƙe shi ko ya fasa tafiyar. Idan aka rufe tantance fasinjoji, wanda a jiragen cikin gida yawanci kamar saura minti 45 a tashi ake yi, sai a duba kujerun da masu su ba su bayyana ba a bai wa waɗanda suka rubuta suna suna jira. In an samu uku kai ne na huɗu, shikenan, kana kallo jirgi zai ɗaga.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne ba araha ba ce. Kamfanonin jirgi suna kasa kujerunsu kashi kashi ne, masu sauƙin kuɗi su ake fara kwashewa tun saura makonni, wanda ya zo ranar tafiya mafi tsada zai tarar. Kuma ba kowane kamfani ke yarda da tsarin ba, wani sai kana da tikitinsu a hannu na jirgin yamma misali, kana neman a matso da kai na safe. A Amurka ma haka yake yanzu, sitanbai na mai tikiti ne ko ma'aikatan kamfanin da iyalansu. Can a da akwai ragin da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, amma manyan kamfanoni irin su American Airlines da United sun soke shi tun 2014.

Ni dai shawarata, in har akwai kujera tabbatacciya kuma kuɗin zai iya haɗuwa, ko da karo-karo ne na ƴan uwa, a saya kawai. Legas zuwa Kano a sama kamar awa ɗaya da rabi ne, a mota kuwa kilomita wajen 1,000, wuni da kwana. Duba Air Peace da Max Air da Rano Air duk a wayarka kafin ka bar ɗaki, in na Kano ya ƙare duba na Abuja don jiragenta sun fi yawa, daga can ka hau mota ta Kaduna da Zariya.

In kuma dole sai jiran, ka je da sassafe ka tsaya a kantar kamfanin da kanka, ka faɗa musu gaskiyar abin da ya taso ka, ƴar jaka ɗaya ta hannu ta isa don mai lodin kaya ya fi wuyar cusawa a ƙurarren lokaci. Katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na zaɓe, ya kasance a aljihu. Dan Allah kar ka yarda da ƴan kamasho masu cewa kawo kuɗi akwai tikitin wani, sunan da ke tikiti in bai yi daidai da na katinka ba ana iya tsayar da kai a ƙofa, ga kuɗi sun tafi ga Inna na jira.

Sannan a bambance jinya da rasuwa. Wannan wajen yana taɓa min zuciya wallahi, don mu ba ma ajiye gawa, wanda ya cika da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu jirgin da zai riski wannan sai ikon Allah. In rasuwa ce kar a ɗaga wa na nesa hankali ya ci bashin da zai shekara yana biya, ya yi addu'a daga inda yake ya taho a tsanake, zaman makoki na kwana uku yana nan. Jinya ce ake wa gudu, ko a samu ganawa da yafiya.

Kuma ku na gida, in ya ce sitanbai, kar a tura kowa bakin titi sai ya bugo ya ce ga shi zaune a cikin jirgi. Ko ya sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano ma da sauran tafiya, sai ya kama adaidaita zuwa tashar Yankaba, in dare ya yi motocin wajenmu sun yi wuya gara ya kwana a birni wajen dangi ya biyo motar farko.