Waiwaye: Ruwan famfo da kuɗin mota a Zariya, linzamin yana hannun wa?

Duk magidancin da ke zaune a Tudun Wada, Gyallesu ko Samaru ya san abu biyu da ke fara taɓa aljihunsa kafin hantsi: jarkar mai ruwa da kuɗin abin hawa. Kowannensu akwai dokar gwamnati a kansa, akwai hukuma, akwai ofis da ma'aikata. Amma in ka tambayi wanda ya yanka farashin da ka biya yau da safe, babu wanda zai nuna maka ƙofar ɗaya daga cikin ofisoshin nan.

Maganar ruwa ta fi tsawo, don haka da ita za a fara. Matatar ruwa ta farko a Zariya an gina ta a 1939, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, kuma ƙarfinta lita miliyan 10 ne a rana. A lokacin ba a ga gazawarta ba, domin gari bai cika ba, mutanen cikin ganuwa kuma suna da rijiyoyinsu a tsakar gida. Sai Zariya ta zama garin makarantu. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga asibitin koyarwa, ga barikin soja, ga kwalejoji, ga baƙi suna ta kwararowa Sabon Gari. Jami'a ba ta jira kowa ba, ta tare rafin Kubanni ta yi dam ɗinta. Gari kuwa sai 1975 ya samu matata ta biyu a kan kogin Galma, mai lita miliyan 50. Daga nan aka shafe sama da shekara talatin ba a ƙara wani abin kirki ba, alhali unguwanni suna ta tsirowa, injina suna tsufa, wutar lantarki tana yadda ta ga dama.

Yawanci in ana ba da wannan labari, a kan ƙarancin matata ake tsayawa. Ni a ganina akwai wata ɓaraka da ta fi wannan: kafin 2016, hukumar ruwa ta jiha ita ce mai tacewa, ita ce mai sayarwa, ita ce mai rubuta takardar biya, kuma ita ce mai duba ko ta yi aikinta. Kura ce aka ba ajiyar nama, ko da kuwa kurar mai kyakkyawar niyya ce. Gidaje da yawa ba su da mita, kuɗin wata ake yanka musu ko famfo ya kawo ko bai kawo ba. Wanda famfonsa ya yi wata uku yana hura iska ba zai biya ba, kuma da gaskiyarsa. Hukumar da ba a biya ba kuwa ba ta da kuɗin sinadarin tace ruwa, balle na gyaran bututun da ya fashe. Haka aka yi ta zagaye wuri ɗaya, har “ruwan Zariya” ya zama alkawarin da kowane ɗan takara ke ɗauka a bakin Ƙofar Doka.

Babban aikin da aka daɗe ana jira an ba da kwangilarsa ne zamanin Gwamna Namadi Sambo: sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana. An rarraba nauyin gida huɗu. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki dam ɗin Galma da ke Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau, jiha ta ɗauki matata, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba da rancen manyan bututu da tankuna, Bankin Raya Afirka kuma ya ba da na bututun shiga unguwanni. Aikin da ke da iyaye huɗu, in ɗaya ya makara dole sauran su tsaya. Sai a 2017, zamanin Nasiru El-Rufa'i, aka ƙaddamar da matatar.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne dokar ruwa ta 2016, wadda ta mayar da tsohuwar hukumar kamfani, wato KADSWAC, ta kuma kafa wata hukuma daban da za ta sa ido kan farashi da ingancin aiki. A takarda, an raba mai sayarwa da alƙali ke nan. Sai dai alƙalin ya fi sa ido kan ruwan bututu. Mai rijiyar burtsatse da ke sayar wa 'yan garuwa, da mai tanka, da mai tura kura, su ne ainihin hukumar ruwan unguwanni da dama, kuma farashinsu tsakaninsu da mai saye ne. Fiya wata ne kaɗai ke da lambar NAFDAC, shi ma lambar ba ta shafi kuɗinsa ba.

Harkar mota ta bi ta wata hanya dabam. A nan gwamnati ba ita ce mai kaya ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya mayar da ita mahaɗa, amma tun da aka rufe ƙaramin layin Jos a 1957 kaya da fasinja suka riƙa komawa kan titi, hannun masu manyan motoci da bas-bas. Masu sa ido kuwa sun yi yawa. Akwai 'yan sanda, akwai jami'an duba lafiyar mota, akwai hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, sannan jiha ta zo da KASTLEA mai tilasta bin dokokin hanya, ta kuma kafa KADSTRA don lasisi da tsarin sufuri. Kowa yana duba takarda, taya da yawan lodi. Amma layin lodi, kuɗin tikiti da kuɗin kujera daga Kwangila zuwa Kano ko Funtuwa, wannan na 'yan yuniyan ne, musamman ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta samo asali a 1978. Ɗan kamasho ya fi kowane jami'i sanin abin da fasinja zai biya gobe.

Inda gwamnati ta fi nuna ƙarfinta shi ne wajen hani. A 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a manyan garuruwan jihar, har da Zariya da Sabon Gari. A 2021 aka sake hana babura na ɗan lokaci saboda matsalar tsaro. Keke Napep ya samu kasuwa, amma wanda ya san lungunan cikin birni ya san akwai inda keke ba ya shiga, don haka babur bai je ko'ina ba. Hanin ya fi zama ƙofar kame da tara fiye da tsari.

Wani abin mamaki, kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kula da tashoshin mota da ba da lasisin kura da baro a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan tashar da ake lodi da kurar da ke kawo ruwa duk suna ƙarƙashin matakin gwamnati mafi kusa da talaka, wanda kuma ya fi kowanne rauni. Abin da ya fi bayyana daga wannan iko shi ne rasit.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki kuɗin mota daga PZ zuwa Samaru ya tashi, ba tare da wata hukuma ta zauna ta amince ba. Jarkar ruwa ma ta bi sahu, domin burtsatsen da ake ɗebowa da janareta yake aiki. Mai kura ya ce mai rijiya ne ya ƙara masa, mai rijiya ya nuna gidan mai, direba kuma ya ce a je a tambayi yuniyan.