Waiwaye: Juan Carreño da Ƙwallayen Farko na Meziko

Ƙwallon farko da Meziko ta ci a gasar Olamfik da ta farko a Gasar Cin Kofin Duniya duk ƙafar mutum ɗaya ce ta zura su: Juan Carreño, ɗan wasan gaba na Atlante. Laƙabinsa "El Trompo", wato abin wasan yara da ake murzawa ya yi ta juyi a ƙasa kamar katantanwa.

Atlante ƙungiyar talakawan unguwannin birnin Meziko ce, a zamanin da ƙungiyoyin 'yan Sifaniya mazauna ƙasar, España da Asturias, ke da ƙarfi a gasar gida. Wasa bai zama sana'a ba tukuna, 'yan wasa na da wata hanyar neman abinci.

Ranar 30 ga Mayu 1928, a gasar Olamfik ta Amsterdam, Sifaniya ta lallasa Meziko 7-1. Ɗayar nan ta Carreño ce.

Tafiyar Gasar Cin Kofin Duniya ta 1930 a Uruguay ta fi wahala. Tawagar ta bi ta Veracruz da Havana da New York, ta shafe makonni a jirgin ruwa, ba filin atisaye sai saman jirgi, sannan ta sauka Montevideo a tsakiyar sanyi. Ranar 13 ga Yuli, a filin Pocitos, Lucien Laurent na Faransa ya fara ci a minti na 19. Mai tsaron gidan Faransa, Alex Thépot, ya ji rauni ya fita, kuma lokacin ba a canjin ɗan wasa, sai Augustin Chantrel, ɗan tsakiya, ya koma raga. Da mutum goma Faransa ta je hutu da ci uku. Carreño ya rama ɗaya a minti na 70, aka tashi 4-1. Matsalar Meziko a bayyane take: tsarin 2-3-5 na barin 'yan baya biyu kacal, ga ƙarancin karawa da ƙasashen waje. Chile ta doke su 3-0, Ajantina 6-3.

Ya ɗauki kofin gasar gida da Atlante a kakar 1931-32. A 1934 ya je Roma da tawagar Meziko, inda Amurka ta fitar da su 4-2 a wasan neman gurbi, kwana uku kafin a buɗe Gasar Cin Kofin Duniya.

Abin takaici, ciwon afendis ya yi ajalinsa a Disamba 1940, yana da shekara talatin da 'yan kai, shekara uku kafin ƙwallo ta zama sana'ar albashi a Meziko a 1943.