Mahangar Mai Ba da Labari da Halayen Taurari

A nazarin ƙagaggun labarai, mahangar mai ba da labari ita ce matsayin da marubuci ya ajiye muryar da ke isar da labari ga mai karatu. Ita ke yanke abin da za a sani game da kowane tauraro da abin da zai ɓoyu, domin mai karatu ba shi da wata hanyar sanin mutanen littafi sai ta bakin wanda ke magana.

Tarihin nazarin

Masanan Turai sun fara ba batun muhimmanci a farkon ƙarni na 20, musamman bayan littafin Percy Lubbock na 1921, wanda ya ɗora bayaninsa a kan ayyukan marubucin ƙagaggun labarai Henry James. A 1961 Wayne Booth na Amurka ya fito da batun mai ba da labarin da ba a dogara da maganarsa. A 1972 kuma Gérard Genette na Faransa ya raba tambayoyi biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, wato wa ke magana, kuma da idon wa ake kallo. Har yanzu masana ba su daidaita a kan adadin rabe-raben mahanga ba.

Tauraro a matsayin mai ba da labari

Wannan salo ya yi ƙarfi a littattafan Hausa da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a wajajen 1933. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tauraron littafin, Alhaji Imam, shi ne ke ba da labarin tafiyarsa, don haka duk abin da aka sani game da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya biyo ta bakin abokin hamayyarsa ne. Zurƙe bai taɓa samun damar kare kansa a gaban mai karatu ba. Sai dai yadda Alhaji ke jin daɗin zayyana makircin da ya ƙulla masa yana tona nasa halin fiye da yadda yake nufi, kuma a nan gwanintar marubucin ta fi bayyana.

A Shehu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, babban malami ne ke faɗa wa almajiransa yadda aka sace shi yana yaro aka bautar da shi. Natsuwar muryarsa da yawan mayar da al'amari ga Allah su ne ke gina shi a matsayin mai haƙuri, ba tare da wani ya tsaya ya yabe shi ba. Wahalar mahaifiyarsa wajen nemansa ma ta bakinsa aka ji ta.

Mai ba da labari daga waje

Wani lokaci muryar ta san zuciyar kowa, kamar mai tatsuniya da ke bayyana dabarar Gizo tun kafin ya aiwatar da ita. Wani lokaci kuma takan tsaya a kan tunanin tauraro ɗaya, sauran taurarin sai a gane su ta maganarsu da aikinsu kawai.