Waiwaye: Yadda Sharaɗin Ci Gaba a Karatu Ya Kankama a Tallafin Ɗalibai na Amurka

Duk ɗalibin da ke karɓar tallafin karatu daga gwamnatin tarayyar Amurka, na kyauta ne ko na bashi, akwai ma'auni uku da makarantarsa ke ɗora shi a kai kafin a ci gaba da sakar masa kuɗi. Ana duba matsakaicin makinsa, wanda galibi ba a yarda ya gaza 2.0 cikin 4.0 ba, ana duba ko ya ci aƙalla kashi biyu bisa uku na kwasa-kwasan da ya yi wa rajista tun ranar da ya shiga, sannan ana duba ko zai iya gamawa kafin ya cinye ninki ɗaya da rabi na tsawon karatun da aka tsara. A ofisoshin tallafi ana kiran wannan sharaɗi da gajeren suna SAP, wato ci gaba mai gamsarwa a karatu. Ɗalibai da yawa ba sa jin sunan sai ranar da saƙo ya shigo musu cewa an dakatar da kuɗinsu, alhali kuwa ƙa'idar ta kusa shekara hamsin, kuma ba haka take ba lokacin da aka ƙirƙiro ta.

Tushen tsarin shi ne Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a San Marcos ta jihar Texas, a kwalejin da shi kansa ya yi karatu. Manufarta ita ce kada talauci ya tsare ɗan talaka a ƙofar jami'a. A 1972 majalisa ta faɗaɗa dokar da wani tallafi na kyauta da ke bin ɗalibi duk makarantar da ya zaɓa, wanda a 1980 aka raɗa masa sunan Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, jagoran fafutukar kafa shi. A waɗannan shekaru na farko abin da aka fi damuwa da shi shi ne buƙata: nawa iyali ke samu, nawa karatu ke ci, nawa ya rage a cike. Batun ko ɗalibin na cin jarrabawa an bar shi a hannun makaranta, bisa tunanin cewa wanda ba ya kataɓus makarantar da kanta za ta sallame shi.

Wannan tunani bai daɗe ba, domin sabon tallafin ya sauya lissafin makarantu. Ɗalibin da ke zuwa da kuɗin gwamnati a hannu ya zama hanyar samun kuɗin shiga, saboda haka makarantar da ke dogaro da kuɗinsa ba ta da wani kwaɗayin korarsa, ko da ya shekara yana faɗuwa. A gyaran dokar na 1976 majalisa ta saka sharaɗin cewa sai ɗalibi yana samun ci gaba mai gamsarwa zai ci gaba da karɓar tallafi, amma ba ta ambaci maki ko wa'adi ba, sai ta ce a bi ma'aunin makarantar da yake karatu. Kowace makaranta ta rubuta nata, wasu da tsauri, wasu kuwa suna ne kawai a takarda.

A 1981 ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya fitar da rahoton da ya juya akalar lamarin. Masu binciken sun bi takardun sakamakon ɗalibai a makarantu daban-daban, suka tarar da masu karɓar tallafi da makinsu ya yi ƙasa sosai da abin da ake buƙata don kammalawa, da waɗanda ke yin rajista suna janyewa zango bayan zango, kuma kuɗi bai fasa zuwa ba. Rahoton ya zo a farkon mulkin Ronald Reagan, lokacin da gwamnati ke neman inda za ta tsuke bakin aljihu, don haka ya samu masu saurare. A 1983 Ma'aikatar Ilimi, wadda ita kanta sai a 1980 ta fara aiki, ta wajabta wa makarantu su tsayar da wa'adin gamawa, su kuma riƙa auna ɗalibi lokaci-lokaci. A 1986 majalisa ta shigar da lamba cikin dokar kanta: zuwa ƙarshen shekara ta biyu dole ɗalibi ya kai matsakaicin makin C, wato 2.0, ko matsayin da ya dace da sharuɗɗan yaye ɗalibai a makarantarsa, tare da sassauci ga wanda aka yi wa rasuwa, ko ya yi rashin lafiya, ko ya faɗa wani hali na musamman. Ƙa'idojin 1994 kuma suka ƙayyade wa'adin da kashi 150 cikin ɗari na tsawon karatun.

Daga wannan kashi 150 ne sauran lissafin ya ɓullo. Digirin farko da aka tsara a kan kiredit 120 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas) ba a biya wa ɗalibi fiye da 180, kuma wanda zai tara 120 cikin 180 dole ya riƙa cin biyu cikin kowane uku, wanda makarantu ke rubutawa da kashi 67. Abin da ke kama mutane shi ne yadda ake ƙirga abin da aka gwada. Kwas ɗin da ɗalibi ya janye daga cikinsa bayan cikar wa'adin sauya rajista, da wanda ya maimaita, da wanda bai ƙarasa ba, duk suna shiga lissafi a matsayin ƙoƙari, ko da ba su taɓa makinsa ba. A ɗauki misalin matashiyar da ta yi rajistar kwas huɗu masu kiredit uku-uku a zangon farko, sai aka sauya mata lokacin aiki ko mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ta ajiye biyu ta ci biyu da maki mai kyau. Tana kan kashi 50. Idan a zango na biyu ta sake ɗaukar huɗu ta ci uku, ta samu 15 cikin 24, wato kashi 62.5, kuma tallafinta ya tsaya, duk da cewa ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba in dai janyewa ta yi daga na huɗun.

Siffar da ƙa'idar take da ita a yau ta fito ne daga dokokin da Ma'aikatar Ilimi ta wallafa a watan Oktoban 2010, ƙarƙashin gwamnatin Barack Obama, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2011. Ma'aikatar ta lura cewa wasu makarantu na ajiye ɗalibi a matsayin mai zaman gwaji na tsawon zanguna ba tare da kuɗinsa ya yanke ba, sai ta toshe wannan ƙofa. Makarantar da ke auna ɗalibai a ƙarshen kowane zango tana iya ba wanda ya gaza zangon gargaɗi guda ɗaya tak, yana karɓar tallafi a cikinsa. Idan bai farfaɗo ba, sai dai ya rubuta koke, ya bayyana abin da ya same shi da abin da ya sauya, in an karɓa a ba shi zangon gwaji ko a tsara masa jadawalin da zai bi har ya dawo kan layi. Makarantar da ke aunawa sau ɗaya a shekara ba ta da hurumin ba da gargaɗin, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa kowace makaranta karɓar koke ba. A 2012 aka ƙara wani takunkumin daga gefe, inda aka rage tsawon lokacin da mutum zai iya cin tallafin Pell a rayuwarsa daga zango 18 zuwa 12.

Babu mai hankalin da zai ce a riƙa zuba kuɗin jama'a ba tare da tambaya ba, kuma barin ɗalibi ya yi ta cin bashi a karatun da ba zai gama ba cutarwa ce gare shi. Sai dai binciken da Judith Scott-Clayton da Lauren Schudde suka yi a kan kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu ya nuna cewa kaso mai yawa na masu karɓar Pell na kasa cika sharaɗin tun a shekarar farko, wanda ya sa suka tambaya ko tallafin da aka kafa don mabuƙata bai rikiɗe ya koma ladan ƙwazo ba. Ɗan mai hali da ya samu irin wannan sakamako yana ci gaba da zuwa aji muddin makaranta ba ta kore shi ba, domin iyayensa ke biya. Wanda gidansu hannu baka hannu ƙwarya ne kuwa, ana ce masa ya biya daga aljihunsa har makinsa ya gyaru, alhali rashin abin biyan ne ya kawo shi ofishin tallafi tun farko.

Ɓangaren da na fi ganin rashin adalcinsa shi ne cewa wannan tarihi ba ya gogewa da tsawon zamani. Wanda ya yi tuntuɓe yana ɗan shekara 18, ya tafi ya yi aiki, ya yi iyali, ya dawo makarantar bayan shekara goma da niyyar gaske, zai tarar da tsohon lissafin na jiransa. Ko da makarantar na da tsarin yafe tsofaffin maki a nata littafin, dokar tallafi ba ta amince da wannan yafiya ba. An gabatar da ƙudirori a majalisar tarayya don a ba irin waɗannan mutane damar farawa sabo bayan wani lokaci, amma ba su zama doka ba.

Sassaucin da aka gani ya zo ne ta hanyoyi biyu. A 2020, lokacin annobar korona, dokar CARES ta ba makarantu izinin cire kwasa-kwasan da ɗalibi ya kasa ƙarasawa saboda annobar daga lissafin, ba tare da sai ya rubuta koke ba. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2023 wadda ta hana makarantun da ke cin gajiyar tallafin jihar su tsaurara sharaɗin fiye da mafi ƙarancin abin da tarayya ta gindaya, ta kuma faɗaɗa dalilan da za a karɓa a koke, har da rashin matsuguni da rasa aiki. Wannan ya taɓo wani abu da aka daɗe ana kawar da kai daga gare shi, wato wani ɓangare na tsaurin da ɗalibai ke fuskanta ƙari ne da makarantu suka yi da kansu, kamar neman makin 2.0 tun zangon farko, duk da cewa dokar 1986 ƙarshen shekara ta biyu ta ambata. Ga 'yan uwanmu mazauna Amurka, sharaɗin ya shafi 'ya'yansu masu takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin da ke cike fam ɗin neman tallafin tarayya, wato FAFSA, kowace shekara. Ɗaliban da suka je da bizar karatu ba sa cikin tallafin tarayya, sai dai jami'o'i da dama na amfani da ma'auni iri ɗaya ko mafi tsauri a kan tallafin da suke bayarwa daga asusunsu.