Waiwaye: Kuturtar gyaɗa, daga zamanin dala zuwa ɗakin gwaji

Idan hira ta biyo ta kan dalar gyaɗar Kano da yadda ta ɓace, man fetur ake ɗora wa laifi. Da gaskiya a ciki, domin kuɗin mai ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, ga kuma farin farkon shekarun 1970. Amma akwai wata shekara da ba a cika ambata ba, 1975. A daminar nan gyaɗa ta tsiro lafiya lau, sai ta tsaya cak, ganye ya ƙanƙance ya nannaɗe, shukar ta dunƙule kamar hannun kuturu, aka zo tono babu 'ya'ya. An ƙiyasta cewa kimanin hekta 700,000 ta lalace a arewacin Najeriya, asarar da ta kai dalar Amurka miliyan 250. Masifar ba ta bar makwabta a Maraɗi da Damagaram ba. Manoma da dama daga nan suka koma gero da dawa da wake.

Cutar, wadda ake kira kuturtar gyaɗa, ba baƙuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Zimmermann ya bayyana ta tun 1907 a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. A 1928, Storey da Bottomley suka tabbatar a Afirka ta Kudu cewa darɓa ce ke yaɗa ta, wato ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, waɗanda ke damun wake ma. Abin mamaki, asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne, amma can ba a san wannan cuta ba, a Afirka kaɗai take. Shi ya sa masana ke ganin a nan gyaɗa ta tarar da ita, a jikin wani tsiro na daji.

An shafe shekaru ana ɗauka ƙwayar cutar bairos guda ce ke haddasa ta. Abin da ya rikita masu bincike shi ne, idan suka goga ruwan ganye mai cuta a kan lafiyayyen tsiro, yana kamuwa sarai, amma darɓa ba ta iya ɗaukar cutar daga jikinsa ta kai gaba. A 1968, Hull da Adams suka gano akwai wani bairos daban mai taimako, wanda sai da shi ƙwaron ke iya dako. Ragowar ƙullin sai a ƙarshen shekarun 1980 aka kwance shi, a wata cibiyar binciken amfanin gona kusa da Dundee a Sikotland, inda Murant da abokan aikinsa suka rarraba sinadarin gadon cutar daki-daki.

Ashe ɓarayin uku ne, kuma kowanne gajiyayye ne shi kaɗai. Na farko, mai taimakon nan, yana da rigar furotin da darɓa ke iya ɗauka, amma idan shi kaɗai ya shiga gyaɗa da ƙyar a ga alama. Na biyu ya iya hayayyafa da yawo cikin tsiro, sai dai tsirara yake, ba ya ƙera riga, dole ya ari ta na farkon kafin ya hau ƙwaro. Na ukun bai ma kai a kira shi bairos ba. Ɗan guntun zaren RNA ne, wato sinadarin gado, mai haruffa kusan 900, ɗan rakiya da ba ya iya haihuwa sai da injin na biyun. To wannan ɗan mitsitsin shi ne mai dafin: shi ke nannaɗe ganye, kuma bambancin haruffansa ne ke sa wata kuturtar ta zo ruwan ɗorawa, wata ta zo kore shar. Ba a banza yake cin arziki ba, domin in babu shi, na biyun ba ya shiga rigar aro balle a yi tafiya.

Abin da ke ba ni takaici a tarihin nan shi ne, an san maganin tun kafin annobar da fiye da shekara ashirin. A farkon shekarun 1950, da cutar ta ɓarke a Senegal, an lura cewa wasu irin gargajiya da aka samo daga iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa sun tsaya da ƙafarsu. Daga jininsu aka fitar da iri irin su RMP 12, wanda a Najeriya aka raɗa wa SAMNUT 10. Matsalar, waɗannan masu nauyi ne, suna neman kwana 130 zuwa 150. Manomin Ɗambatta ko Matamaye da ruwa ke ɗauke masa cikin Satumba, me zai yi da su? Shi ya sa aka rungumi 'Yar Dakar mai kwana 90, mai jure fari, wadda kuma kuturta ke kayarwa cikin sauƙi.

Ɗauko juriyar daga mai nauyi a kai wa mai sauri ya ci shekaru. Ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da ita, kuma masu lafewa ne, ba sa nuna kansu sai tsiro ya gaje su ta ɓangaren uwa da uba gaba ɗaya. Idan aka yi barbara, cikin jikoki 16 ɗaya kacal ake sa ran ya fito da juriya, sannan a cikin waɗannan 'yan kaɗan a nemi mai saurin nuna, mai yawan mai, mai harawa. Masu aikin kan shuka layin gyaɗa mai cuta a tsakanin layukan gwaji, su saki darɓa da gangan, su ga wa zai tsira. Da haka Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona a yankunan ƙarancin ruwa, mai tasha a Kano da Sadore kusa da Yamai, suka fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23 a farkon shekarun 2000, sai SAMNUT 24 a 2011, mai nuna cikin kusan kwana 90. A sani dai, juriyar tasu a kan bairos na biyun take, da ɗan rakiyarsa. Mai rigar yana shigarsu abinsa.

A nan ne zancen tsirowar iri ya shigo. Kuturta ba ta bin iri. Ko daga gonar da ta kamu aka samo 'ya'yan, tsiron zai fito da lafiyarsa, saɓanin wasu bairos na gyaɗa da ke ɓuya a cikin ƙwaya. Ke nan kowace damina daga waje ake kawo ta, kuma cikin waɗanda ake zargi da ba ta mafaka lokacin rani har da gyauro, gyaɗar da ta zube a gona ta tsiro da kanta. Tsirowar kuwa gado ce. Dangin masu nauyi, da ake kira Bajiniya, irinsu na yin barci na makonni ko watanni bayan tono, ko an jiƙa ba ya motsi. Wani sinadari mai suna ABA ke riƙe shi, iskar etilin kuma ta tashe shi. Dangin masu sauri, da ake kira Sifaniya, galibi ba su san barcin nan ba. Idan ruwan ƙarshe ya sauka kafin a tona, sai su tsiro cikin kwansonsu a ƙarƙashin ƙasa, manomi ya rasa iri, ya rasa na kai wa kasuwa, ga funfuna mai guba ta samu ƙofa. Senegal ta nuna ana iya haɗa sauri da barci a iri guda, da wani iri mai suna 73-30. Bayan an karanta kundin gadon kakannin gyaɗa biyu na daji a 2016, da na gyaɗar noma a 2019, masu bincike a ICRISAT sun nuna wurare biyu a kundin da ke da hannu a wannan barci. Amfanin haka, ana iya gutsurar ganyen ɗan tsiro a gwada, a san halinsa ba tare da jiran kaka ba.

Tsohuwar shawarar da aka tabbatar a Samaru tun shekarun 1960 ba ta tsufa ba: a shuka da ruwan farko, a matse shuka, domin darɓa ta fi sauka inda ta hango ƙasa tsirara tsakanin tsirrai. Sabon abin lura shi ne noman rani. SAMNUT 24 ya sa ana shuka gyaɗa a fadamu da bakin madatsun ruwa, kuma yana kawo kuɗi da harawa a lokacin da dabbobi ke cikin yunwa. Sai dai a da, watannin rani ne ke raba darɓa da gyaɗa. Yanzu idan wani ya kai 'Yar Dakar fadama a Fabrairu, ɓarayin nan uku sun samu masauki har ruwan Yuni ya sauka.